Kafin a Ba Ku Riƙon Yaro a Kano: Abin da Jami'a Ke Dubawa Idan Ta Zo Gida

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da wuya ka shiga lungu a cikin birni ba ka tarar da gidan da ake riƙon ɗan wani ba: ɗan ƙanwa da aka kawo bayan yaye, 'yar wa da aka ba gwaggo don Allah bai ba ta haihuwa ba, jikan da kaka ta ɗauke tun yana rarrafe. Irin wannan riƙon ba ya neman takarda, domin yaron yana da masu bin sawunsa. In ya rame kawunsa zai yi magana, in an hana shi makaranta labari zai isa kunnen uwarsa kafin Juma'a ta zagayo. Yaron da ke gidan marayu, ko jaririn da aka tsinta aka kai ƙofar mai unguwa, ba shi da wannan gatan. Jami'ar walwalar da za ta yi sallama a gidanku da fayil a hannu, ita ce ke tsaye a madadin dangin da ba shi da su. Wanda ya gane haka tambayoyinta ba za su ɓata masa rai ba. Wanda bai gane ba shi ne zai ce lada ya zo nema an ɓige da yi masa bin diddigi.

Ƙofar neman ɗaya ce. A Kano yaran da ba su da kowa suna hannun ma'aikatar harkokin mata ta jiha, ita ke kula da gidan yara na Nassarawa, kuma ta wurinta ake neman riƙo. Ba ta hannun ungozoma ba, ba ta hannun wata da ta ce ta san yarinyar da ta haihu ba ta son ɗan ba, ba kuma ta hannun dillalin da ya ce zai gajarta muku hanya ba. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya kawo muku jariri, fataucin mutane yake gayyatarku, kuma kyakkyawar niyyar mai saya ba ta wanke shi a gaban NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, wadda ke da ofis a nan garin. Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga unguwannin birnin nan aka kai su Anacha ta jihar Anambra, har an sauya musu sunaye. Kowane yaron da ya koma hannun wani ba tare da takarda ba, haka yake iya ɓacewa. Ko da a bakin ƙofarku aka yar da jaririn, kuka ɗauka kuka yi masa wanka, sai an sanar da mai unguwa da 'yan sanda, an kai shi asibiti, an miƙa shi ga ma'aikata, sannan ku nemi a ba ku shi. Wataƙila akwai uwar da ke yawo tana cigiya.

Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ta ware sashe guda a kan riƙo. Ta ce mai nema ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da aƙalla shekara 21. Ya zama ɗan ƙasa, mazaunin jiha ɗaya da yaron. Yana da halin ɗaukar nauyinsa. An shaide shi da mutunci. Likita ya tabbatar da lafiyar jikinsa da ta hankalinsa. Wanda ba shi da aure sai ya kai 35, kuma namiji ba a ba shi mace, mace ba a ba ta namiji. Mai aure sai da yardar abokin zamansa. Ba a kuma tara wa mutum ɗaya fiye da yara uku sai da wani dalili na musamman. Kano ta samu tata dokar kare yara a watan Mayun 2023, kuma ita ce ke aiki a jihar, don haka ranar da kuka fara zuwa ofis ku nemi a nuna muku abin da ta ce game da riƙo, ku karanta ko a karanta muku, kafin ku kashe ko kwabo a kan takardu.

Abu guda da ya kamata ya zauna a zuciya tun farko: riƙo ne za a ba ku, ba mayar da ɗan wani naku ba. Aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzab sun rufe wannan ƙofar, suka ce a kira yara da sunan ubanninsu, in ba a san ubannin ba to 'yan uwanku ne a addini. Jami'a za ta so ta ji yadda kuka ɗauki wannan. Ma'auratan da suka shirya cewa matar za ta tafi garinsu wata tara ta dawo da goyo a ce haihuwa ta yi, sun fara da ƙarya, kuma ƙaryar ba ta wuce ranar rabon gado ko ranar da aka zo neman aure.

Takardun ba su da wuyar fahimta, tara su ne ke cin lokaci. Akwai wasiƙar nema, wadda za ku faɗi ko ku su wane ne, dalilinku, da irin yaron da za ku iya riƙewa, jinsi da shekaru. Akwai shaidar aure. Auren mafi yawanmu a masallaci ko a ƙofar gida aka ɗaura shi, waliyyi da shaidu ne takardar, saboda haka sai an je kotu an yi rantsuwar aure. Sai takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, katin ɗan ƙasa, hotunan fasfo, takardar lafiya daga asibitin gwamnati, shaidar hanyar samun abinci, da wasiƙar mai unguwa ko dagaci. Ku tanadi mutanen da za su tsaya muku, masu adireshin da za a iya samu, ba abokin da ke Legas yana zuwa sallah-sallah ba. Abin da ya fi tsayar da fayil a wannan matakin shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa: a kati Muhammad Sani, a takardar aure Sani Mamman, a takardar asibiti shekara 41 alhali rantsuwa ta ce 38. A gyara kafin a miƙa. Ku yi kwafi uku na komai, ku riƙe na asali a hannunku sai in an ce a nuna, kuma duk kuɗin da aka ce ku biya ku karɓi rasit.

Gwajin lafiya ba don a tona asirin kowa ba ne. Ana duba tarin fuka, cutar ƙanjamau, ciwon hanta, hawan jini, suga, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai suga ko hawan jini da ke zuwa asibiti yana shan maganinsa, ya faɗa da bakinsa, ya fi kwanciya a rai a kan wanda ya ɓoye aka gano a takarda. Tarin fuka ne ba a wasa da shi, domin ƙaramin yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da mai tarin yana saurin ɗauka, kuma a jikinsa cutar tana iya hawa ƙwaƙwalwa. Maganinsa wata shida ne, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Kuma ba ma'auratan kaɗai ba: in akwai tsohuwa a gidan da ta fi mako biyu tana tari, a kai ta a gwada kafin jami'a ta ji tarin daga tsakar gida ta tambaya.

Sai hira. Ana zama da ku tare, ana kuma zama da kowa shi kaɗai, kuma a zaman ɗai-ɗai ne magana ke fitowa. Tambayar farko kullum ita ce me ya sa. Rashin haihuwa amsa ce mai kyau, neman lada ma haka, kuma hadisin da Bukhari ya ruwaito na kusancin mai riƙon maraya da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljanna ba wanda bai san shi ba. Amma tambaya ta biyu tana biye: in Allah ya ba ku naku bayan shekara biyu fa? Wanda ya zo don an gaya masa cewa riƙon yaro yana janyo haihuwa, a nan yake tsayawa yana sosa ƙeya. Haka wadda ɗanta ya rasu wata uku da suka wuce tana neman mai kama da shi. Ba za a ce mata a'a har abada ba, amma daidai ne a ce ta ɗan jira, don yaron da aka kawo ya cike gurbin mamaci kullum a cikin awo yake. Wanda kuwa ya dage sai yarinya 'yar shekara tara ko goma, mai ƙarfi, ba ya son ƙarama, ya riga ya faɗi abin da yake nema: mai wanke-wanke da talla.

Kunya tana ɓata wa mata da yawa a wannan zaman. An tambayi Hajiya ko ta yarda, ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da maigida ya ce shi ke nan. A zaure wannan ladabi ne, a fayil kuwa ba yarda ba ce. Ita za ta tashi tsakar dare, ita za ta goya, ita za ta wanke kashi, saboda haka bakinta ake son ji. Maigida kuma da ya ce wannan harkar mata ce, shi dai zai kawo abinci, ya rage wa kansa maki. Ku zauna ku yi maganar tsakaninku tun kafin ranar, ba don ku haddace amsa iri ɗaya ba (wadda ta daɗe a aikin tana gane haddar da aka yi jiya), sai don kada a gaban baƙuwa ku fara gano cewa ɗaya jariri yake so ɗaya kuma wanda ya yi wayo. Za a tambaye ku horo: wa ke duka a gidan, da me, a kan wane laifi. In akwai dorina rataye a ƙusa, an gan ta.

Zuwan jami'a gida na farko galibi da sanarwa, na baya yana iya zama babu. Kada ku ari kujeru, kada ku yi fenti ana gobe za a zo. Ba a ba da yaro don tayil ko labule, kuma ɗaki biyu masu tsabta a Kurna ko Ɗorayi suna iya wuce gidan bene a Nassarawa in mutanen cikinsa sun fi shiri. Ku ba baƙuwa ruwa, wannan karamci ne. Ambulan ɗin kuɗi kuwa kada ma ya zo muku a rai, don yana iya rusa duk abin da kuka gina.

Idon jami'a daga tsayin gwiwa yake fara aiki, wato daga inda mai rarrafe ke ganin duniya. Hanya mafi sauƙi ta shirya gida ita ce mutum ya durƙusa a tsakar gida ya duba abin da hannu zai iya kaiwa. Ruwa ne farko. Rijiya tana son baki mai tsayi da murfi mai nauyi da kwaɗo, ba guntun langa-langa da aka danne da dutse ba. Ramin sokawe da bakin masai a duba ko sumuntin ya tsage. Duro, baho da bokitin da aka jiƙa wanki su ma rijiya ce ga ɗan shekara ɗaya: kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba a jin ƙara. A rufe, ko a zubar da an gama. Za ta tambayi ruwan sha daga ina yake. Ƙa'idar lafiya tana son tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, gidajen cikin gari kaɗan ne ke da wannan filin, don haka in rijiyarku tana maƙwabtaka da banɗaki, ruwanta na wanki ne. Na mai garuwa ma, in jariri zai sha, sai an tafasa.

Sai wuta. Murhun da ke tsakiyar tsakar gida, inda yara ke guje-guje, a matsar da shi lungu a kange. Tukunyar gas a shafa wa tiyonta da mahaɗarta ruwan sabulu. In ya yi kumfa yana yoyo, a canza. Hitar da ake tsomawa a bokiti, filas ɗin ruwan zafi a ƙasa kusa da katifa, dutsen guga da aka jingine bai huce ba, soket da ya fashe wayoyi a waje, fankar ƙasa da murfinta ya cire, duk suna shiga rahoto. Janareta ba ya zama a zaure ko ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, kuma kaskon garwashi ba ya kwana a rufaffen ɗaki da hunturu, domin iskar da ke kisa a cikinsu ba ta da wari, barci kawai take ƙara wa mutum. Jarkar fetur ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutane.

Guba ce aka fi mantawa da ita, don a gidan da babu yaro ba ta taɓa zama matsala ba. Kananzir a robar lemo, fiya-fiya a ƙarƙashin gado, shinkafar ɓera a bayan buhu, ruwan wanke banɗaki a gorar ruwa. Magunguna ma haka, musamman ƙwayoyin ƙarin jini masu kama da alewa da ake bari a gaban madubi ko cikin jakar hannu. Duk a haɗa su a kabad mai makulli, sama da kan babba. Jami'a tana iya jefo tambaya: in yaro ya sha kananzir me za ku yi? Amsar da aka saba ita ce a ɗura masa manja ko madara ya yi amai, kuma ita ce amsar da ke kashewa, domin aman ne ke tura kananzir cikin huhu. Ba a sa shi amai, ba a ɗura masa komai, asibiti ake nufa da robar a hannu. Daga nan za ta tambayi wane asibiti ya fi kusa, da yadda za ku isa Hasiya Bayero ko Murtala da ƙarfe biyun dare, lokacin da babu adaidaita sahu a titi. A tanadi amsa ta gaskiya, ko da lambar maƙwabci mai mota ce.

Mai bene ya duba matakala da baranda. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe kada ya wuce santimita 10. Mai ginin ƙasa ya duba tsaga da azara kafin ruwan Agusta. In ƙofar gida tana kallon buɗaɗɗiyar kwata ko kududdufi, a sa sakata a sama.

Wurin kwana shi ne inda ake gane matsayin da aka tanadar wa yaro. Tambayar "a ina zai kwana?" tana son a nuna da hannu, ba a ce za a san yadda za a yi ba. Jariri yana son shimfiɗa mai ɗan tauri, a kwantar da shi rigingine, babu filo, babu tulin zannuwa kusa da fuskarsa, a cikin gidan sauro mai magani wanda ba shi da huda. Ɗakin yana son taga mai raga da ke buɗuwa, saboda zafin Maris zuwa Mayu a ɗakin kwano marar iska ba abin wasa ba ne ga ɗan wata uku. Ga waɗanda suka tasa, hadisi ya ce a raba musu shimfiɗa a shekara goma, kuma yarinyar riƙo ba muharramar samarin gidan ba ce, saboda haka ɗakinta ba zai zama hanyar wucewa zuwa shagonsu ba. Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne bambanci. In 'ya'yan gida suna kan gado a ɗakin uwa, ɗan riƙo kuma an shimfiɗa masa tabarma a sito kusa da buhunan masara, ba sai an yi wata tambaya ba. Haka akwatin kayansa: yana tare da na sauran yara, ko a cikin leda a bayan ƙofa?

Daga nan sai mutanen gida, kuma a nan ne fayil mai kyau ke yawan karyewa. Za a rubuta duk wanda ke kwana a gidan: 'ya'ya, agola, ƙannen miji, 'yar aiki, almajirin da ke kwana a zaure, ɗan haya. Kada a ɓoye kowa. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya za a so a ji ta bakin abokiyar zama, ko da ba ita za ta riƙe ba, domin ranar girkinta ita ke raba tuwo, kuma ranar da mai riƙon ta tafi biki ko ta kwanta asibiti a hannunta yaron zai wuni. Uwar miji da ba a shawarta ba tana iya rushe komai da kalma ɗaya, in ta ce ba za a kawo mata ɗan da ba a san asalinsa ba cikin zuri'a. Gara a sha wannan zafin da ita tun kafin a rubuta wasiƙa. 'Ya'yan gida da suka yi wayo a gaya musu gaskiya, saboda jami'a tana iya jan ɗaya gefe ta tambaye shi ko ya san za a kawo masa ƙane. Akwai kuma tambayar da ba mai son ji: in aure ya mutu, yaron yana hannun wa? Ɗan cikinku shari'a ta riga ta tsara masa. Ɗan riƙo kuwa in ba a fayyace ba, shi ne wanda matar za ta bari don sabon miji ba zai karɓa ba, mijin kuma ya ce ai ita ta ɗauko. Ku tabbata kun san sunan wa zai hau takardar kotu.

Batun kuɗi ba a neman attajiri, ana neman abin da ke shigowa a kai a kai. Ma'aikaci ya kawo takardar albashi. Ɗan kasuwa a Kwari ko Singa ya kawo bayanin asusun banki na 'yan watanni, rasit ɗin shago, ko littafin ciniki. Mai haya ya nuna rasit ɗin haya, ya kuma faɗi ko maigidan ya san da zancen. Ku yi lissafin da kanku tukuna. Jaririn da ba zai samu nono ba yana shan kusan kilo 20 na madarar gwangwani a wata shidansa na farko, wato wajen gwangwani 50 masu giram 400. Ku tambayi farashin ɗaya a kanti yau ku ninka. Gidan da bai yi wannan lissafin ba shi ne ke komawa tsinka madara da ruwa fiye da ƙima, ko a fara ɗura koko a wata biyu, sai gudawa da tamowa su biyo baya. Awon yana jikin gwangwani, galibi cokali ɗaya a shafe ga mililita 30 na tafasasshen ruwa, kuma ragowar da yaro ya sha ya bari zubarwa ake yi. A ƙara kuɗin boko da Islamiyya da magani. Kada ku shiga da tsammanin wani zai riƙa biyanku a wata. Wanda ya karɓi riƙo ya karɓi ci da sha da sutura da ilimi.

Ba a cikin gida binciken ke ƙarewa ba. Ana tsayawa wurin mai unguwa, ana iya tambayar liman, mai shagon bakin layi, ko matar gidan da ke jikin katangarku. Ba a tambayarsu ko kuna da kuɗi. Ana tambaya ko ana jin faɗa da daddare, ko maigida yana shaye-shaye, yaya aka yi da 'yar aikin da ta gudu bara. Wannan ba a shirya masa a mako guda. Abin da za ku iya kawai shi ne ku je wurin mai unguwa da kanku tun da wuri, kada ya fara jin zancen daga bakin baƙuwa.

Jami'a tana rubuta rahoto, ma'aikata ta duba, kotu ce ke ba da umarnin riƙo. Abin yana ɗaukar watanni, kuma masu neman jarirai lafiyayyu sun fi jariran yawa, alhali yaran da suka tasa da masu lalura suna nan ba mai tambayarsu. In an ce ku gyara wani abu, murfin rijiya ko takardar da ta saɓa, ba ƙi ba ne. Ku gyara ku koma ku ce a zo a gani. Yawan aike da neman wani babba ya sa baki ba ya ƙara wa fayil kyau.

Ranar da za a miƙa muku yaro kada murna ta sa ku fito hannu biyu da goyo kawai. Ku karɓi kwafin umarnin kotu, katin rigakafi, bayanin lafiyarsa, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya in an yi masa, da duk abin da aka rubuta game da inda aka same shi da ranar. Wata rana zai tambaya, kuma haƙƙinsa ne. A makon farko a kai shi asibiti a auna nauyi, a gwada jini har da na sikila, a auna damtsensa in ya wuce wata shida. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani da ke son magani nan take. A duba katin: allurar haihuwa, ta mako 6, 10 da 14, ta wata 9 da ta wata 15. Wadda aka tsallake a cike. Annobar mashaƙo da ta yi ɓarna a Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba.

Yaron da ya taso a hannun masu reno da yawa yana zuwa da halaye da ke ba sabon mai riƙo tsoro. Yana ɓoye abinci a ƙarƙashin filo, yana fitsarin kwance bayan ya daina, yana bin duk baƙon da ya miƙo hannu, ko kuma jariri ne da ba ya kuka sam don ya saba in ya yi ba mai zuwa. Ba aljanu ba ne, ba kuma halin gado ba ne, kamar yadda wasu 'yan barka za su yi saurin faɗa. Abin da ke gyara shi mutum ɗaya ne da ke amsawa kullum, abinci a kan lokaci, da rage yawan hannayen da ke karɓarsa a makonnin farko. Jami'a za ta dawo, kuma faɗa mata irin waɗannan ba ya sa a ƙwace yaro; ɓoyewa har ta ga tabon bulala ne ke sa wa, domin kotun da ta ba da umarni tana iya janye shi. In za ku tashi daga gidan ku sanar da ofis. In za ku fita da shi ƙasar waje, ko Umara ce, sai da izini. In wani ya zo ya ce ɗansa ne ko ɗan 'yar uwarsa, ko ya zo da kuka da rantsuwa, ba a ƙofar gida ake miƙawa ba. A tura shi ma'aikata, kotu ta tantance.

Abu biyu suka rage da ba sa cikin fom, kuma lokaci yana ƙure musu. Na farko shayarwa. A mazhabar Malikiyya, nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyunsa na farko, kafin a yaye shi, yana haramta aure, ko sau ɗaya ne. Shafi'iyya ke sharɗanta sau biyar. In matar gida tana shayarwa ta ba shi, ya zama ɗanta na shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan uwansa. In ba ta da nono, yayarta ko ƙanwarta mai goyo tana iya shayar da namijin, sai mai riƙon ta zama innarsa. In mace ce, yayar maigida ko ƙanwarsa ta shayar, sai ya zama kawunta. A yi bayan an ga sakamakon gwajin jinin yaron da na mai shayarwa, a gaban shaidu, a rubuta rana da sunaye, don shekara ashirin nan gaba kada a ɗaura auren da bai halatta ba.

Na biyu dukiya. Shayarwa ba ta kawo gado, riƙo ma haka. Ɗan riƙo ba shi da kaso ranar da aka zauna rabo, ko ya shekara talatin a gidan yana kiranku Baba da Umma. Hanya biyu ce: wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, ko kyauta tun kuna da rai da lafiya. Kyautar kuma a Malikiyya ba ta cika sai an yi hauzi, wato abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga na wanda aka ba. Fili ko shagon da aka ce "na wane ne" da baki, mai shi ya ci gaba da riƙe takardu yana karɓar haya har ya rasu, magada suna iya mayar da shi cikin gado. Yadda ake karɓa wa ƙaramin yaro yana da nasa hukuncin, don haka a yi shi gaban alƙali ko malami masani, da shaidu, a rubuce. Wanda ya bari sai ciwon ajali ya kwantar da shi, kyautarsa ta koma hukuncin wasiyya, daga sulusi za a fitar.